Ku Tambayi Anti: Na ajiye tuwo da shinkafa, amma kwaɗayin zaƙi ya hana ni sakat

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Shekarata 34, yarana uku, tun da na yaye na ƙarshe jikina ya buɗe har gwiwa ta fara ciwo, shi ne ƙawata ta ce in rage abinci mai sitaci. Yau kwana tara kenan ba tuwo ba shinkafa ba taliya ba burodi, lemon kwalba ma na daina. To amma Anti da la'asar ta yi sai in ji duk duniya ba abin da nake so sai zaƙi, ga ciwon kai ga kasala, jiya dai a tsaye a kicin na cinye biskit ɗin makarantar yara na kora da lemo, daga baya na zauna ina kuka. Na ga ana sai da biskit da alawa marasa suga a manyan kantuna, in saya in ajiye? Ko dai ni ce ba ni da zuciyar yi? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya zuri'a. Share hawayenki, ba rashin zuciya ba ne, kuma wallahi da yawa daga waɗanda suka yanke sitaci da suga lokaci guda sai sun bi ta inda kike yanzu. Bari in faɗa miki abin da ke faruwa a jikinki tukuna.

Jiki yana da ajiyar suga a hanta da tsoka, wajen giram 500 a babban mutum, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da kika daina tuwo da shinkafa sai ya koma cin wannan ajiyar, ruwan kuma ya bi fitsari ya fita, ƙoda ta zubar da gishiri tare da shi. Ciwon kan nan da kasalar yawanci daga nan suke, shi ya sa ma za ki ga kilo ya sauka da sauri a satin farko, ruwa ne yawancinsa ba kitse ba. Ki yawaita shan ruwa, ki sha romo ko farfesu da gishirinsa daidai in dai ba ki da hawan jini, cikin sati ɗaya zuwa biyu yakan lafa. In ya wuce haka ko jiri ya yi yawa ki je asibiti a duba ki.

Amma ni abin da na fi zargi a wasiƙarki yunwa ce. Kin lissafo min duk abin da kika daina, ba ki faɗi ko ɗaya da kika sa a madadinsa ba. Farantinmu na gida ai kin san shi, tuwo ne tuli guda da miya da ɗan yankan nama ɗaya ko biyu, to in aka ɗauke tuwon me ya rage? Mata da yawa haka suke yi, su sha shayi ba suga da safe, da rana su ɗan tsakuri kabeji, su ce suna dayet, la'asar na yi jiki ya ce bai san zancen ba, kuma jikin da ya ji yunwa ba zogale yake nema ba, abin da zai ba shi ƙarfi nan take yake nema, wato suga da fulawa. Don haka maganin kwaɗayin la'asar tun karin safe ake fara shi. Ki ci ƙwai biyu ko uku da albasa da tumatir, ko awara, ko kifi. Da rana ki cika kwano da miyar ganye mai kauri, alayyafo ko zogale ko kuɓewa ɗanya, da nama ko kifi wanda ido zai gani, ki ci ki ƙoshi har ki ture. Kar ki ji tsoron ɗan man gyaɗa ko manja a miya, mai da abinci mai gina jiki su ne suke daɗewa a ciki.

Kuma wa ya ce dole sai kin yanke duka? Masana suna kiran tsarin cin abinci mai ƙarancin sitaci in mutum bai kai giram 130 na sitaci da suga a rana ba, wancan mai tsanani da ake cewa kito shi ne ƙasa da giram 50. Ke uwa ce mai girki kullum, tukunyar shinkafa a gabanki, ban ga dalilin da za ki fara da mai tsananin ba. Malmala ƙarama ɗaya da rana, ko ludayin wake, ko alale, ba zai rushe miki komai ba, kuma ya fi ki daure kwana tara ki fashe a na goma. Inda nake so ki tsaya da ƙafarki shi ne abin sha. Yawancin lemon kwalba akwai suga wajen giram 10 a kowane mililita 100, kenan robar nan mai santilita 50 ta kai giram 50, cokalin shayi 12 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, wajen cokali 12 kenan, in ma da hali a tsaya a 6. Roba ɗaya ta cinye rabon yini. Lemon malt da na kwali da zoɓon leda da kunun zaƙi duk layi ɗaya suke, kar sunan ya ruɗe ki.

Sai maganar sabo. Kin lura da la'asar abin yake zuwa, ba da asuba ba? Lokacin da kika saba zama da cincin ko fanke da shayi ne, baki ya riƙe lokacin. Kar ki bar gurbin haka nan, ki cike shi tun kafin lokacin ya yi. Ki dafa zoɓonki da citta da kanumfari ba suga ki sa a firij, ko shayi da na'ana'a, ki tanadi gyaɗa soyayya cikin tafin hannu ɗaya, ko dafaffen ƙwai, ko gurji da yalo da ƙuli-ƙuli, ko kindirmo ba suga, ko ɗan tsire in aljihu ya yarda. Ƙuli-ƙuli da kilishi ki riƙa tambaya, wasu suna zuba musu suga. In zaƙin ne dai lallai, ki yanka gwaiba ko gwanda ko kankana yanka ɗaya ki ci bayan abinci, ba a kan yunwa ba. Kwaɗayi yana tasowa ne ya kwanta, in kika sha ruwa kika tashi kika yi wani abu na minti goma sha biyar sau da yawa sai ki ga ya wuce. Barci ma ki kula da shi, wanda bai samu barci ba ya fi jin yunwa da son zaƙi washegari, wannan an tabbatar.

Biskit ɗin yara kuwa, ki daina sayen katan ki ajiye a kicin. Ki sayi na kwana biyu, ko ki ba maigida ya kulle a wajensa. Su kansu yaran in kika mayar da wasu ranakun ƙwai ko gyaɗa ko ayaba alheri kika yi musu.

Na kanti marasa suga, gaskiya ban ba ki shawara ba. Biskit ko ba suga fulawa ce, fulawa kuma da ta shiga ciki suga take komawa. Ki juya bayan ledar ki karanta, abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗin shi ya fi yawa a ciki, kuma ki duba jimillar sitacin ba layin suga kaɗai ba. Alawoyin kuma irin zaƙin da ake sa wa wasunsu yana kumbura ciki har ya sa gudawa in an ci da yawa. A 2023 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kar a dogara da kayan zaƙin da ba suga ba don rage ƙiba. Ga tsada, ga shi suna barin harshe da neman zaƙi, alhali in kika yi haƙuri na 'yan makonni harshen da kansa yake sauyawa, har shayin da kika saba sha ki ji ya yi miki zaƙi da yawa. Abin da ya faru jiya kuma ya wuce, kar ki ce za ki rama da ƙin cin abinci yau, ki ci abincinki na gaba yadda kika tsara. Ranar biki ko suna ki ci kafin ki fita, in an ba ki alkaki ko dubulan ki gutsiri ɗaya ki kawo wa yara sauran.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ina da ciwon suga shekara shida, ina shan metformin da glibenclamide. Na fara rage tuwo, na mayar da sugan shayina zuma, in kwaɗayi ya taso in ci dabino. Ya halatta? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Alhaji barka kadai, Allah ya ƙara lafiya. Zuma da dabino abinci ne masu albarka, ba mai musun wannan, amma zuma kusan kashi 80 cikin 100 ɗinta suga ce, busasshen dabino kuma wajen kashi biyu cikin uku, duk suna ɗaga sugan jini. Dabino ɗaya ko biyu bayan abinci wani abu ne, cika hannu kuma wani abu ne daban, ka gwada jininka awa biyu bayan ka ci ka ga yadda naka jikin yake ɗauka.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin. Glibenclamide yana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, ko ka ci tuwo ko ba ka ci ba, in ka rage sitaci kana shan adadin da ka saba suga zai iya faɗuwa ƙasa sosai, kuma wannan yana da haɗari. Dan Allah a satin nan ka koma wajen likitanka ka faɗa masa ka sauya cin abinci don ya duba ko zai rage maka, kar ka rage da kanka. In ka ji rawar jiki da gumi da bugun zuciya da yunwa mai tsanani, ko na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, wannan ba kwaɗayi ba ne da za a daure, nan take ka sha suga cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa ko rabin kofin lemo mai suga, ka sake gwadawa bayan minti 15. Ka ajiye suga a shago da aljihu, ka kuma sanar da yaran shagonka da iyali alamomin don su san abin yi in abin ya zo kana tsakiyar ciniki.