Amsa: Me ya sa hub ɗina ke ɗaukewa da na jona hadis?

Malam, ka ce da ka jona hadis ɗin waje (hard disk, ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta) sai duk ramukan hub ɗin, wato na'urar da ke ƙara yawan ramukan USB, su mutu. Ba lalacewa ya yi ba, kariya ce. Hub na USB 2.0 da ba shi da caja, miliamp 500 kacal yake samu daga kwamfuta, kowane rami rabonsa 100. Shi kuwa hadis, lokacin da faifansa zai fara juyawa yakan ja kusan amp ɗaya. Wannan ya wuce rabonsa, sai makunnin wutar da ke cikin hub ɗin ya sanar da cif ɗin da ke sarrafa hub, a yanke wutar.

Masu araha makunni ɗaya suke sa wa duk ramukan, shi ya sa laifin ɗaya ke shafar kowa.

Nemi hub mai cajarsa, volt 5, amp 2 ko fiye. In matsalar ta ci gaba, duba kafasitan (ɗan abin da ke tara wuta) microfarad 120 na layin VBUS, wato layin da ke kai wuta ramukan, wataƙila ya gaji.