Wai sai ka samu babbar kyamara?

Ka tambaye ni ko ka dakata sai kuɗin bincike sun fito, ka sayi babbar kyamara, kafin ka je ɗaukar hoton kundayen da ke hannun malaman Barno. Ka fama min tsohon miki, ɗana, shi ya sa ma zan amsa.

A 2013 wani dattijo a wani gari kudu da Dikwa ya kwance min gafaka. Alƙur'ani ne rubutun Barno. Takardar, in ka ɗaga ta a rana, sai ka ga jinjirin wata uku a jere, irin wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta Tarabulus. Tsakanin layuka cike da sharhi da tsohon harshen Kanembu, da siririn alƙalami. Hannuna har rawa yake. Ga ƙaramar kyamara a aljihuna, amma na raina ta. Dillalin da ya kai ni ya ce in bari sai bayan damina, zai shawo kan iyalin su ba ni kwana uku, in zo da kayan aiki na gaske. Na ba shi kuɗin mota, na ƙara da goron dattijo. Ashe ko sisi bai kai masa ba. Da na nemi dillalin, sai ya ce tsohon ya hana a sake buɗewa. Ƙarya ya shara min, ɗan da tsohon ya haifa ne ya gaya min daga baya a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri. Damina ta zagayo, Gwoza ta faɗi hannun Boko Haram, Bama ta bi, garin dattijon ya watse. Gafakar nan har yau ba labarinta. Ko shafi ɗaya ban ɗauka ba.

Mutanen Tumbutu a 2012, da 'yan tawaye suka kama garin, ba su tsaya jiran ƙura ta lafa ba, akwatunan ƙarfe suka cika da kundayensu, wasu a mota wasu a kwalekwale, sai Bamako.

Ku kuwa yaran yanzu, wayar hannunku ta ninka kyamarata, amma ba ta da aiki sai hoton fuskarku. Juya shafi da jera lamba, in har sai na koya maka, gara ka koma gida.

Ka tafi da abin da kake da shi. Goro ka danƙa wa mai littafi hannu da hannu, ka bar wa gidan kwafi. Kuma kada in ga sunan garin a Facebook.