Tambayi Anti: Kayan kicin masu araha da wutar Legas

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Bikin 'yata ta fari bayan Babbar Sallah ne. Angon ya kama ɗaki da falo da ɗan kicin a Agege. Na kwashi adashe, na ware naira dubu 600 don kayan kicin, sai ga ƙannena sun rubuto min jerin abin da za a saya: firji, murhun gas, bilenda, butar lantarki, maikurowef, tukunyar dafa shinkafa ta wuta, har da injin gasa burodi, wai kada dangin ango su raina mu ranar jere. In na ce masu suna zan saya, kuɗin ba za su kai ba. In sayi masu araha in cike jerin, ko in rage?
Uwar amarya, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Ki rage.

Amma kafin ki taka kasuwa, tura yayan amarya gidan ya jiyo miki abu uku: awa nawa layin ke samun wuta, mitar tasu ce su kaɗai ko ta haɗaka ce da sauran 'yan haya, kuma wane janareto angon yake da shi. Amsoshin nan su za su tace miki jerin, ba ƙannenki ba.

Ga dalili. Kowane kayan wuta yana da 'yar takarda manne a bayansa ko a gindinsa, an rubuta wat nawa yake ja. Duk abin da aikinsa samar da zafi ne, acici ne. Butar lantarki tana jan wat 1500 zuwa 2200, murhun lantarki mai kai ɗaya 1000 zuwa 1500. Ƙaramin janareton nan da ke ƙofar kowane ɗaki a Agege kuwa ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba, ana jona masa buta zai yi tari ya mutu. In kuma mitar haɗaka ce, ranar da maƙwabta suka gano amarya na dafa shinkafa da wuta, ranar za a fara cacar baki, tun lallen hannunta bai goge ba. Ko mitar tasu ce su kaɗai, a tambayi rukunin farashin da kamfanin wuta na Ikeja Electric ya sa layin. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai farashin rukunin A, wato masu samun wuta awa 20 zuwa sama, naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage zuwa 200 da 'yan kai. Murhun wat 1500 in ya yi awa biyu a rana ya ci yunit uku, a wata 90. A wancan farashi na rukunin A, kusan naira dubu 20 ke nan a girki kaɗai.

Saboda haka ni da ke, gas ne farko. Ki sayi murhu mai kai biyu na ɗorawa a kan tebur. Masu fuskar gilashi sun fi ɗaukar ido, kuma na san su 'yan jere za su yaba, amma 'yarki tuwo za ta tuƙa. Faffaɗar tukunya tana mayar da zafi kan gilashin, ruwan sanyi ya zubo masa yana da zafi, wata rana sai tas. Na ƙarfe marar tsatsa ya fi min, musamman a garin nan da iskarsa ke ɗauke da laima da gishirin teku. A shagon ki ɗaga murhun ki kife shi, ki duba cikinsa da ƙafafunsa, don wasu saman ne kawai marar tsatsa, ƙasan gwangwani ne da fenti. Ki ɗauki ƙarfen da tukunya ke zama a kai ki ji nauyinsa. In kin matsa da hannu ya lanƙwashe, ajiye musu kayansu. Maƙyastin da ke kunna wuta da kansa kada ki ƙara ko kwabo saboda shi, shi ne ke fara mutuwa, ashana kuma tana nan.

Inda ba a neman rangwame shi ne tukunyar gas, da kan da ake ɗaura mata, da tiyo. Tukunya mai kilo 6 ta ishi mutum biyu farawa, mai 12.5 ta fi rage zirga-zirga. Sabuwa za ki saya, ki duba shekarar da aka ƙera ta a jikin mariƙinta, domin hukumar kula da ingancin kaya ta SON shekara 15 ta yanka wa tukunyar gas, kuma akwai masu shafa wa tsohuwa fenti. Ranar da aka haɗa, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a duk mahaɗa. In ya yi kumfa yana tasowa, gas na fita. A koya wa amarya cewa gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, in ta ji warinsa ta rufe tukunyar gas ɗin ta buɗe ƙofa da taga, kada ta taɓa makunnin fitila.

Bayan gas sai firji, sai bilenda, kuma amsoshinsu na nan ƙasa. Maikurowef da injin burodi da tukunyar shinkafa su jira, ango ya saya in Allah ya hore. In canji ya rage ki saya mata tukunyar firesha, mai dafa abinci da matsin tururi, wadda ba ruwanta da NEPA, ga ta da nunar da wake da ganda da ƙafar saniya tun gas bai ji jiki ba. Dangin ango kuwa, Hajiya, za su zo su ƙirga, su ci waina, su hau mota. Kuloli da farantai masu kyau sun isa su cika musu ido.

Tambaya: Anti barka da aiki. Na sayi bilenda a wani shago, an rubuta wat 8000 da manyan baƙi a kwalinta. Ina cikin markaɗa waken ƙosai ta yi warin ƙonewa ta tsaya cak, ko wata biyu ba ta yi ba. Mai shagon ya ce laifin wuta ne. Gaskiya ne?
Ƙanwarki, Idi-Araba

Amsa: Ƙanwata, soket ɗin bangon ɗakinki da fulogi mai ƙafa uku amfiya 13 aka yi su su ɗauka, wutarmu kuma bolt 230 ce. In an ninka 13 sau 230, kusan wat 3000 ne iyakar abin da za su iya bayarwa. Bilendar da ke jan 8000 da gaske, kafin ta taɓa wake fis ya tashi. Lambar kwali ado ce. Bilendar gida ta gaskiya yawanci tsakanin wat 300 ne zuwa 600, kuma ta isa tumatir da tattasai da attaruhu da dama fura.

Kada ki yar da ita tukuna. Kife ta, wasu suna da ɗan maɓalli a gindi da ke yanke wuta in inji ya yi zafi, sai a bari ta huce a danna. In inji na ƙara amma wuƙar ba ta juyawa, 'yar robar nan mai haƙora da ke haɗa kofi da inji ce ta cinye, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. In kuma shiru ne ga wari, kai wa mai gyara ya duba gawayin inji kafin ya yanke hukuncin waya ta ƙone.

Mai shagon yana da 'yar gaskiya. Ranar da wuta ta zo rabi, kika ga fanka na jan ƙafa, inji wahala yake sha yana ɗaukar zafi, to ranar a haƙura. Sauran laifin na hannu ne. Ruwa ake fara zubawa, wake ya jiƙu sosai, a raba shi kashi-kashi, kada a wuce minti ɗaya ba a ba ta hutu ba. Gero da aya da waken suya na sana'a kuwa, na injin markaɗen bakin layi ne, komai abin da aka rubuta a kwali.

In za ki sake saye, ɗauki gindin guda biyu ki gwada nauyinsu a hannu. Mai wayar tagulla a ciki yakan fi mai alminiyam nauyi, ya kuma fi jure zafi. Ki tambaya ko ana sayar da kofinta da wuƙarta daban. In an ce babu, ranar da kofin ya faɗi bilendar ta mutu. A kunna miki a gabanki, a rubuta lambar samfurin da wa'adin garanti a rasit, a buga hatimi. Ba rasit, ko hukumar kare masu saye ta FCCPC kika je ba ki da abin nunawa.

Tambaya: Anti, ni ɗan kasuwar Mile 12 ne. Maiɗakina tana so ta fara zoɓo da kunun aya da ƙanƙara. Wani abokina ya ce mu je Lawanson mu ɗauko babban firji tokumbo, wato na hannu daga waje, wai na Turai ya fi sabo ƙwari. Me kika gani?
Mai albasa, Ketu

Amsa: Malam, Allah ya yi wa sana'ar albarka. Abin da take buƙata firiza ce mai buɗewa ta sama. Sanyi ƙasa yake zama, don haka in an ɗaga murfi ba ya zubewa kamar yadda yake yi a mai ƙofa a tsaye. In tana cike kuma ba a yawan buɗewa, takan riƙe ƙanƙara kwana guda ko fiye bayan an ɗauke wuta.

Maganar abokinka, a da ana dacewa, yanzu ma wasu na dacewa. Sai dai ka sani tsofaffin firji da firiza da kwamfuresa, wato injin da ke sa sanyi, suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, kuma garantin tokumbo yakan ƙare ne a inda aka gwada maka. Akwai kuma abin da mai sayarwa ba zai nuna maka ba. A takardar nan ta jikin firji akwai harafin yanayin da aka ƙera shi dominsa: N ko SN na ƙasar da zafinta bai wuce digiri 32 ba ne, ST har 38, T har 43. Na Turai da yawa N ne ko SN. Kawo shi kicin ɗin Ketu a watan Maris kusa da murhu, kwamfuresa ba za ta huta ba. Nemi T, ko aƙalla ST. In na Amurka ne, bolt 110 zuwa 120 yake ci, ba taransifoma ka jona shi ka yi asara nan take.

Ni sabuwar ƙarama na fi so da tsohuwar babba. Thermocool, Hisense, Scanfrost, Nexus, Midea, duk masu gyara sun san cikinsu kuma kayan gyaransu na nan a Alaba. Ka dai karanta sunan harafi-harafi, don akwai masu sauya baƙi ɗaya su bar sauran. Ka maƙala takardar naira a bakin murfi ka rufe ka ja. In ta zare salin-alin, robar ba ta kamawa. In ka ga R600a a jiki, gas ɗin sanyi ne da ke rage jan lantarki amma yana kamawa da wuta, don haka a gaya wa maiɗakin kada ta riƙa ɓamɓarar ƙanƙara da wuƙa, ta huda bututu.

Kuɗin sitabilaiza ka sa shi cikin kuɗin firiza tun daga gida, mai jinkirin minti uku kafin ta saki wuta. Ɗauke-kawo ɗin nan na cikin daƙiƙa shi ke kashe kwamfuresa. In an kawo ta a Keke ko a bayan mota, a bar ta a zaune wasu awanni man ciki ya koma mazauninsa kafin a jona, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango.

Tambaya: Anti, ɗalibi ne ni, ruwan shayi da na wanka kawai nake so. Hitar tsomawa a bokiti ta fi buta araha nesa ba kusa ba. In saya?
Ɗanki, Yaba

Amsa: A'a, ɗana. Araha ba ta ado, wannan kuma har rai takan ɗauka, in ta ɗan lalace wuta ce tsirara a cikin ruwa, ga robar bokiti ga mantuwa. Sayi buta mai kashe kanta in ruwa ya tafasa, wadda cikinta ƙarfe ne. Ka jona ta kai tsaye a bango, ban da siririyar wayar jone mai arahar nan. In ka taɓa fulogi ka ji ya yi zafi, soket ɗin ya saki, kira mai gyara ya canza shi. Buta ɗaya a rabin bokiti ta ishe ka wanka.