Awa nawa ya kamata babban kare ya yi yana barci? Amsoshin likitan dabbobi

Tambaya: Likita, karena ya shekara uku, yana cin abinci yadda ya kamata, amma kusan duk lokacin da na leƙa sai in tarar da shi a kwance. Shin wannan barcin bai yi yawa ba?

Amsa: Malam, babban kare mai ƙoshin lafiya yakan yi barcin awa 12 zuwa 14 a cikin awa 24, wato kusan rabin rayuwarsa ke nan, kuma ban da wannan akwai wasu sa'o'in da yake kwanciya yana hutawa alhali idonsa biyu. Ɗan kwikwiyo yakan kai awa 18 zuwa 20, domin jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suna kan girma, tsohon kare ma yakan ƙara a kan abin da ya saba, haka kuma manyan karnuka masu nauyin jiki sun fi ƙanana yawan kwanciya. Abin da ke rikita masu karnuka shi ne mu mutane mukan haɗa barcinmu wuri guda da dare, awa 7 zuwa 9, shi kuwa kare gutsuttsura nasa yake yi, ya ɗan runtsa, motsi kaɗan ya tashe shi, ya sake komawa. Barcinsa ba ya nisa kamar namu, don haka yake buƙatar lokaci mai tsawo kafin jikinsa ya samu hutun da ya ishe shi.

A ganina ƙidayar awanni ba ita ce ma'aunin da ya fi amfani ba, domin karen da ke gadi ko kiwo ko farauta ba zai yi barci daidai da wanda ke wuni a gida babu abin yi ba, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Abin da nake so ka lura da shi shi ne yadda yake tashi. Idan ya ji motsinka ko ƙarar kwanon abincinsa ya miƙe nan take, ya yi miƙa, ya zo yana kaɗa wutsiya, to barcinsa na lafiya ne. Sau da yawa rashin abin yi ne kawai ke sa kare yawan kwanciya, kuma maganin wannan shi ne a riƙa fita da shi yawo da wasa kullum.

Tambaya: Likita, karyata mai shekara shida ta sauya a 'yan watannin nan. Barcinta ya ƙaru sosai, ta yi ƙiba alhali ban ƙara mata abinci ba, gashinta kuma yana zubewa. Tsufa ne?

Amsa: Malama, wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaukar hankalina, domin a nan akwai sauyi daga abin da dabbar ta saba, kuma shekara shida bai kai a ɗora wa tsufa laifi ba tare da bincike ba. Alamomi ukun da kika ambata idan suka haɗu sukan sa likita ya fara zargin raunin tayirod, wato halittar nan da ke wuya wadda kumburinta ke haifar da maƙoƙo a jikin mutum. Idan ta gaza samar da isasshen sinadarinta sai komai na jiki ya yi sanyi: kare ya yi kasala, ya yi ƙiba, gashi ya riƙa zubewa a gefen jiki biyu da wutsiya, ya riƙa neman wuri mai ɗumi. An fi ganin wannan ciwo a karnuka masu matsakaicin shekaru, da gwajin jini ake tabbatar da shi, kuma ana shawo kansa da ƙwayar magani da za ta riƙa sha kullum har ƙarshen rayuwarta.

Sai dai ba shi kaɗai ke kawo irin wannan kasala ba. Ki ɗaga leɓenta ki duba dasashinta, wanda ya kamata ya kasance jaja-jaja mai danshi. Idan kika ga ya yi fari fat ko ya yi rawaya, wannan alama ce ta ƙarancin jini, wanda cututtukan da kaska ke yaɗawa da tsutsar ciki mai shan jini sukan haddasa, kuma ba a jinkiri da shi. Yawan shan ruwa da yawan fitsari sukan nuna ciwon suga ko na ƙoda. Wahalar miƙewa bayan kwanciya kuwa takan nuna ciwon gaɓoɓi, domin kare mai jin zafi yakan zaɓi kwanciya a kan motsi, mai shi ya ɗauka barci ne. Ina roƙonki kada ki ba ta maganin ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen ko farasitamol da kanki, domin suna iya yi wa kare mummunar illa a ciki da ƙoda da hanta.

Tambaya: Karena yana shure-shure da ɗan kuka a cikin barci. Farfaɗiya ce?

Amsa: Galibi mafarki ne, domin kare ma yana shiga matakin barcin da ido ke motsi a ƙarƙashin fatarsa, kamar yadda mutum ke yi. Ka kira sunansa daga nesa ba tare da ka taɓa shi ba, saboda karen da aka firgita daga barci yana iya kai cizo. Mai mafarki zai farka ya gane ka. Mai farfaɗiya jikinsa kan sanƙare, ba ya amsa kira, yakan zubar da yawu ko ya saki fitsari, kuma yakan tashi a ruɗe. Idan haka ta faru a kai shi asibitin dabbobi, in kuwa ta kai minti 5 ba ta lafa ba, a garzaya da shi nan take.

Tambaya: Likita, nawa karen akasin haka ne. Ya shekara 12, yana wuni yana barci, amma da dare sai ya yi ta zagaye yana haushi ba dalili, wani lokaci kuma yana haki.

Amsa: Malam, juyewar dare da rana ga tsohon kare alama ce da muka sani ta raunin ƙwaƙwalwa irin na tsufa, wanda ya yi kama da ciwon mantuwa a tsofaffin mutane, musamman idan yana tsayawa a lungu kamar ya ɓata hanya, ko ya fara fitsari a inda bai saba ba. Amma kafin a yanke wannan hukunci dole ne a tabbatar ba ciwon gaɓoɓi ko ƙaiƙayin ƙuma ko matsuwar fitsari ko raunin gani da ji ke hana shi sakat ba.

Hakin da ka ambata ne ya fi damuna, domin ciwon zuciya yakan tara ruwa a huhu ya hana kare kwanciya cikin natsuwa. Akwai gwajin da za ka iya yi a gida: idan barci ya ɗauke shi sosai a wuri mai sanyi, ka ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa a cikin minti ɗaya, ɗagawa da sauka a matsayin numfashi guda. Lafiyayyen kare ba ya wuce numfashi 30 a minti yayin barci. Ka maimaita na kwana uku ka rubuta, idan adadin yana haura 30 a kai a kai ka kai wa likita tare da karen ba tare da ɓata lokaci ba. Kafin nan ka riƙa ɗan zagayawa da shi da rana domin ya samu haske da motsa jiki, ka fitar da shi ya yi fitsari dab da lokacin kwanciya, ka shimfiɗa masa abu mai laushi a wuri ɗaya da ya saba, kuma kada ka ba shi maganin barci na mutane sai wanda likitan da ya duba shi ya rubuta.