Hukuncin sayen mabiya da yabon haya don jawo ciniki a intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matar aure ce a Unguwar Rogo, nan Jos. Shekara biyu ke nan ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram, amma ciniki ya ƙi gaba. Wani yaro da ya iya harkar ya ce in biya shi ya sayo min mabiya dubu goma, ya kuma sa a riƙa rubuta yabo a ƙarƙashin hotunan kayana, wai mutane ba sa saye a shafin da ba kowa. Ya ce in riƙa rubuta “saura uku” ko da kaya na jibge, in kuma sa farashi mai tsada in soke shi in rubuta na gaskiyar a gefe. Sannan wasu leshin ba sa hannuna, hoto ne wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari yake turo min, sai an biya ni nake sa ya ɗoro a mota. Ina kuma so in biya wata mai yawan mabiya ta tallata min. Wanne ya halatta a ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa nemanki albarka, 'yar'uwa, ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki biya yaron.

Talla ita kanta halal ce, domin asalin mu'amala halacci ne sai abin da dalili ya hana. Yarinyar da ke ɗauke da faranti tana kiran kayanta da ke da kike ɗora hoto a WhatsApp, aiki ɗaya kuke yi. Ki biya Facebook ya nuna kayanki ga matan Jos da Abuja, ki tsara kundin kaya a WhatsApp Business, ki koyi ɗaukar hoto mai kyau, duk babu laifi. Ciniki ta waya ma yana ƙulluwa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar da ingancin ƙulla ciniki ta hanyoyin sadarwa na zamani tun zamanta na Jidda a 1990.

Amma sayen mabiya da yabon haya bai halatta ba, kuma ba sabon abu ba ne da malamai za su yi ta laluben sunansa. Sunansa najashu. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana najashu, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Imamu Malik ya fassara shi a Muwaɗɗa da cewa mutum ya taya kaya sama da ƙimarsu alhali ba ya nufin saye, don wani ya gani ya bi sahunsa. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen rago ana jajibirin Babbar Sallah ya san abin. Kana tsaye kana taya rago, sai wani ya ɓullo ta bayanka, ya shafa gadon bayansa, ya ɗaga gindinsa ya ji nauyi, ya taya sama da kai da babbar murya. Kai kuma sai zuciyarka ta tsinke kada ya kuɓuce maka, ka ƙara. Ashe mutumin ko kuɗin akuya babu a aljihunsa, abokin dillalin ne.

To, mene ne bambancin wannan mutum da wadda za ta rubuta “wallahi na sayi leshin nan, ya fi hoton kyau” alhali ko taɓa shi ba ta yi ba? Wancan ya yaudari mutum ɗaya a kasuwa, wannan rubutun yana nan dare da rana yana yaudarar duk wadda ta leƙo. Majalisar fiƙihun da na ambata, a zamanta na Burunai a 1993, ta lissafa cikin sababbin nau'o'in najashu amfani da kafafen ji da gani da karatu wajen ambaton siffofin da kaya ba su da su don a ruɗi mai saye. A lokacin ko wayar hannu ba ta yaɗu a wurinmu ba, amma maganar ta zauna daram a kan abin da kike tambaya.

Na san yaron zai ce ai mabiya lamba ce kawai, ba a yi wa kowa ƙarya da baki ba. Sai mu tambaye shi: don me ake biyan kuɗi a kan lambar? Don wadda ta shigo ta ɗauka mutum dubu goma sun yarda da ke, ta saki jiki ta tura kuɗi. Ƙarya ba sai da harshe ba. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafin zur guda biyu ne. Ko ta fuskar kasuwa ma asara ce, don waɗannan mabiyan ba mutane ba ne, ba sa saye, ba sa magana, kuma ƙa'idar Instagram ta hana su, ana share su. Matan yanzu kuwa idonsu a buɗe yake: su ga mabiya dubu goma, su ga mutum huɗu ne suka so hoton, sai su gane. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

“Saura uku” alhali ɗaki cike yake ƙarya ce tsagwaronta. Haka soke farashin da ba ki taɓa sayarwa a kansa ba. Idan ragi na gaske kika yi, ko da gaske uku suka rage, ki rubuta da manyan baƙaƙe, haƙƙinki ne.

Ba ki tambaya kan hoto ba, amma sai na taɓo shi, don ya taɓa cin gidana. Uwargidana ta ga wani leshi a waya, shuɗi mai sheƙi, ta biya don bikin ƙanwarta. Da ɗan aike ya kawo muka warware shi a tsakar gida, sai ga abu ruwan toka, zaren gefensa har ya fara zarewa. Da aka yi wa mai kayan magana sai ta ce hasken kyamara ne. Annabi (SAW) ya taɓa cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, yatsunsa suka ji danshi a ƙasa, mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ya ruwaito. Ki ɗauki hoto da hasken rana, kada ki sauya launi, ki faɗi yadi nawa ne da irin ingancinsa, in akwai aibi ki nuna shi.

Da wannan sharaɗin ne ma cinikin ya halatta tun farko. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, amma mazhabarmu ta Malikiyya ta yi sauƙi: Risala ta halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, har da sayen dilar kaya bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Hoto da bayaninki su ne wannan takardar a yau. In kaya ya zo daidai da siffa, ciniki ya zauna. In ya saɓa, mai saye tana da zaɓin mayarwa ta karɓi kuɗinta, kuma rubuta “ba a dawo da kaya” ba ya kayar da wannan haƙƙi. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ita ma ta hana tallar yaudara.

Leshin Kantin Kwari shi ne inda mata da yawa ke faɗawa ba su sani ba. Hakimu ɗan Hizam ya ce wa Annabi (SAW) mutum yakan zo ya nemi abin da ba shi da shi, sai ya sayar masa sannan ya je kasuwa ya sayo. Ya ce masa kada ka sayar da abin da ba ya wurinka. Ki duba hikimar: kin karɓi kuɗi da safe, kin kira Kano da azahar, an ce miki wannan kalar ta ƙare. Daga nan sai kame-kame, ko a turo wata kala a yi shiru. Mafita mafi sauƙi ita ce ki yi magana da ɗan kasuwar ya naɗa ki wakiliyarsa, ku yanka ladanki a kan kowane leshi. Buhari ya kawo maganar Ibnu Abbas cewa babu laifi a ce wa mutum sayar da tufar nan, abin da ya hau kan kaza naka ne. In ba haka ba, ki gaya wa mai saye gaskiya cewa sayowa za ki yi, kada a ƙulla ciniki sai kaya ya shigo hannunki. Akwai kuma hanyar salam, a biya kuɗi gaba a kan kaya mai cikakkiyar siffa zuwa lokaci sananne, sai dai tana da sharuɗɗan da sai kin zauna da malami ya warware miki.

Biyan mai yawan mabiya ta yi miki talla ya halatta, ijara ce a kan aiki sananne da lada sananne. Sharaɗi shi ne kada ta ce ta yi amfani da turarenki alhali ba ta kunna shi ba, ta bayyana cewa talla ce aka biya ta, kuma kada tallar ta zo da tsiraici ko rawar da ke da kanki za ki ji kunyar a ce taki ce. Ki aika mata kayan ta gwada tukuna.

Kuɗin da za ki ba yaron nan, ki raba shi biyu. Rabi ki biya talla ta gaskiya da shi, rabi ki sa a ƙaramar kwalbar turare ta kyauta ga duk wadda ta saya, ki roƙe ta in ta ji daɗin kayan ta faɗa da bakinta, in akwai gyara ta gaya miki. Ki nemi izininta kafin ki ɗora saƙonta, ki rufe lambar wayarta. Shi kuma yaron ki isar masa cewa kuɗin da yake karɓa a kan wannan aikin ba halal ba ne, hannun da ya iya sayo mabiyan ƙarya zai iya tsara talla mai tsafta a biya shi.

Wallahu a'alam.