Alƙalin da ya koma lauyan gwamnati

Ka tambaya ko ci baya ne alƙalin tarayya a Amurka ya ajiye kujerarsa ya zama babban lauyan gwamnati a Kotun Ƙoli, wato Solicitor General. A'a, malam, ba ci baya ba ne. Thurgood Marshall ya bar kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke New York a 1965 ya amsa kiran Shugaba Johnson. Shari'a 19 ya tsaya wa gwamnati a Kotun Ƙoli, ya ci 14, a 1967 kuma ya zama baƙar fata na farko cikin alƙalanta.

Sai dai a bibiyar da nake yi, na ga akwai kasada. Alƙalin tarayya ba ya barin kujerarsa sai da mutuwa, murabus ko tsigewar majalisa, lauyan gwamnati kuwa shugaban ƙasa na iya sallamarsa kowace rana. Ken Starr, wani alƙalin tarayya, ya bi wannan hanya a 1989, gwamnati ta sauya a 1993, bai sake hawa kujerar alƙali ba.