Amsa ga mai son ɗinka hoton gidan kakanninta da ƙyallaye

Assalamu alaikum. Malama, na karanta tambayarki game da tsohon gidanku na cikin birni, wanda kike son ɗinka hotonsa da ƙyallaye ki rataye a bango tun kafin magada su rushe shi su yi ginin bulo. Kin ce kin tara ragowar atamfofi masu kyau daga wurin tela, kin yanka kin jera, amma da kika gama sai gidan ya ɓace a cikin ado har ba a bambance zaure da katanga, ga shi kuma aikin ya tattare ya ƙi kwanciya. Kin kuma tambaya ko sai da keken zamani ake iya wannan aiki. Na daɗe ina irin wannan ɗinki, gidajen ƙasa da lunguna ne kuma mafi yawan abin da nake yi, saboda haka zan faɗa miki abin da hannuna ya sani.

Ɓacewar gidan daga zaɓin ƙyalle ta samo asali. Ido yana gane gini ne ta wurin haske da inuwa, launi kuwa daga baya yake zuwa. Ita atamfa an yi ta ne domin ta ja ido ita kaɗai, kowace da manyan zanenta da launuka masu gasa da juna, don haka idan kika jera biyar ko shida a gefen juna, kowace za ta yi ta kiran mai kallo zuwa kanta, gidan ya rasa mai dubansa. Ki ɗauki hoton aikin da kika riga kika yi da wayarki, ki mayar da shi baƙi da fari, za ki ga yawancin ƙyallayen sun koma toka-toka iri guda, alhali a ido wani ja ne wani kore. Ni kafin in taɓa almakashi nakan baza ƙyallayena a kan tabarma in raba su kashi uku, masu haske da matsakaita da masu duhu, ba tare da na kula da launinsu ba. Bangon da rana ta haska daga kashin farko zai fito, bangon da ke cikin inuwa daga na biyu, ƙofar zaure da tagogi da ƙarƙashin indararo kuma daga na uku. Idan wannan rabon ya daidaita, ko da shuɗi kika yi katangar, duk wanda ya taɓa zama a gidan zai gane shi.

Wannan ne ya sa lokacin ɗaukar hoton gidan yake da muhimmanci ƙwarai. Kada ki ɗauka da tsakar rana, domin a lokacin inuwa tana ƙarƙashin gini, bango duk ya zama fuska ɗaya. Ki je da hantsi ko da la'asar, ki tsaya a ɗan karkace yadda za ki ga fuskoki biyu na zauren, ɗaya a haske ɗaya a inuwa. Daga nan sai ki zana shi a babbar takarda daidai girman da kike so aikin ya kasance, kuma ina ba ki shawarar kada ki wuce inci 18 ta gefe ɗaya da inci 24 ta ɗaya gefen a wannan karon. A wurin zanen ne ake yin aikin da ya fi wuya, wato zubar da abin da ba a bukata. Wayar lantarki da ta gitta, da takardun 'yan siyasa da aka manna, da kowace tsaga ta bango, duk ki bar su. Ki rage gidan ya koma manyan yankuna kamar goma sha biyar zuwa ashirin, ki sa wa kowane lamba, ki rubuta a kansa ko mai haske ne ko matsakaici ko mai duhu, sannan ki kwafe kowane a kwali ki yanka ya zama ma'auninki.

Akwai abin da hotunan da kike gani a intanet ba za su koya miki ba, domin yawancinsu gidajen Turai da Amurka ne masu rufin dala da layuka miƙaƙƙu, waɗanda ake yanka ƙyallensu da rula. Ginin tubali ba haka yake ba. Katangarsa tana da kauri a gindi tana sirancewa yayin da take hawa, kusurwoyinsa a dunƙule suke saboda yaɓen da ake sabuntawa da hannu shekara bayan shekara, bakin soronsa kuma ba ya tafiya a miƙe sak. Idan kika yanka shi da rula, ginin siminti za ki samu mai launin ƙasa. Ki yanka da hannu kawai, ki bar layin ya ɗan yi lanƙwasa, ki sa bangon ya ɗan jingina ciki ta sama. Sai kuma zankwaye, waɗanda a ganina su ne rabin hoton, domin da zarar tsininsu ya fito sarai a jikin sararin sama mai haske, an san gidan Hausa ne tun daga nesa. Suna da wuyar sha'ani saboda siririn ƙyalle yana zarewa a tsini, don haka nakan manna musu gam irin wanda teloli ke sa wa wuyan riga kafin in yanka, in kuma bi bakinsu da ƙananan ɗinki kusa da kusa. Idan gidanku yana da adon bango a saman ƙofa, dagi ne ko wani zane, kada ki yi ƙoƙarin yanka shi da ƙyalle. Ki kwantar da zaren ulu a kan layin zanen, ki riƙa ɗaure shi da siririn zare mai launinsa, zai taso sama kamar yadda na ainihi yake tasowa daga bango, har ya yi 'yar inuwarsa. Wanda yake son ya cika idonsa da irin wannan ado ya duba Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram.

Game da inda za a samo launin ƙasa, ban cika dogara ga abin da ke kanti ba. A Kantin Kwari ana samun yadi marar zane mai ruwan ƙasa iri-iri, amma launinsa a shafe yake sumul, alhali bangon ƙasa yana da dabbare-dabbare. Abin da na fi so shi ne in sayi akoko ko farin yadin auduga, in wanke, in jiƙa wani a ruwan ganyen shayi mai ƙarfi, wani a ruwan dakakken goro, in bar su tsawon lokaci daban-daban. Shayi yana ba da ruwan ƙasa mai sanyi, goro yana ba da mai ja-ja, kuma rinin ba ya kamawa daidai ko'ina, wanda shi ne ainihin abin da ake nema. Sararin sama kuwa, idan kina kusa da marina irin ta Ƙofar Mata, ki roƙi marini ya tsoma miki farin yadi sau ɗaya ko biyu kawai, domin yawan tsomawa ne ke ƙara duhun baba. Sai dai ki tuna cewa samanmu ba kullum yake shuɗi ba. A lokacin hunturu fari-fari yake mai ƙura, kuma gidan ƙasa ya fi kyau a jikin irin wannan sama fiye da shuɗi mai kauri. Atamfofin da kika tara ba su zama asara ba. Suna da wurinsu a ƙananan abubuwa: labulen ƙofa, zanen da aka shanya a igiya, ganyen darbejiya da ya leƙo ta bayan katanga. Ƙaramar atamfa wadda aka buga wa zane a fuska ɗaya tana da wani amfani, domin bayanta a koɗe yake, yana dacewa da gidajen da ke nesa, waɗanda dole su fi na kusa ƙanƙanta da rashin kaifin launi. Shadda mai ruwan toka kuma tana yin rufin kwano sosai saboda ƙyallinta.

Kada ki damu idan ma'aunin nesa da kusa bai fito daidai irin na masu zane ba. A ƙasar Cile, bayan juyin mulkin Janar Augusto Pinochet a 1973, matan unguwannin talakawa na Santiyago sun riƙa ɗinka irin waɗannan hotuna da ake kira arpillera a kan ƙyallen buhu, suna nuna gidajensu da layin ɗiban ruwa da tukunyar abincin haɗaka da mazajensu da aka kama, da duwatsun Andes a can sama. Wani ofishin cocin Katolika da aka kafa a 1976 ne ya riƙa saye yana fitar da su waje. Gidajen da ke ciki a baje suke, wani ma mutum ya fi ƙofarsa tsawo, amma babu wanda ya kalla ya kasa gane unguwar, domin kowane abu ya rabu da na kusa da shi sarai. Ta fuskar tsaftar hannu kuwa, ban ga waɗanda suka kai masu ɗinkin Titin Khayamiyya da ke kusa da Bab Zuwaila a Alƙahira ba. Su da tsinin allura suke kalmashe bakin ƙyalle suna tafiya, a kan yadin auduga mai kauri, har ɗinkin ba ya ganuwa. Irin hanyarsu nake bi a manyan yankuna: in bar kwatan inci a bakin kowane ƙyalle, in kalmashe shi ciki, in kama da hannu.

Yanzu ga batun tattarewa. Mafi yawan lokuta ƙyallen da ba a wanke ba ne ke jawo ta, domin sabuwar atamfa cike take da sitati, kuma kowane yadi da irin tsukewarsa idan ya ji ruwa ko tururin guga. Ki wanke komai tukuna, kowane launi daban, ki ga mai zuba, musamman rinin baba da jan yadi, sannan ki goge. Kada ki haɗa yadi mai talewa da na auduga. Ki kuma lura da saƙar yadi wurin yanka, domin babban yanki da aka yanka a karkace, abin da teloli ke kira bayas, yana miƙewa a ƙarƙashin keke ya bar ƙwarya a tsakiya. Wurin jerawa, ki shimfiɗa yadi mai ƙwari a matsayin gindi, ki fara da abin da ya fi nisa: sama tukuna, sai bishiyoyi da gidajen baya, sai gidanku, sai dakali da ƙasar ƙofar gida a ƙarshe, kowane yana hawa bakin wanda ya riga shi.

Idan fuskar ta kammala sai a haɗa ta da sauran hawa biyu, wato abin da ake sawa a tsaka da kuma shafi na baya. Kada ki sa soso a tsaka, domin bayan 'yan shekaru yana marmashewa ya zama gari, sakakkiyar auduga kuma tana dunƙulewa wuri guda. Siririn faiba na masu ɗinkin kayan gado yana yi, tsohon bargo marar kauri da aka wanke ma yana yi, kuma tun da bango za a rataya ba lulluɓa za a yi ba, mafi siranta shi ne mafi kyau. Ki shimfiɗa ukun a ƙasa mai bai ɗaya, ki kama su da manya-manyan ɗinkin hannu na wucin gadi, daga tsakiya zuwa gefe ta kowace fuska. Ɗinkin ƙarshe ma daga tsakiya ake fara shi, domin duk wanda ya fara daga gefe ya tara rarar yadi a tsaka, ba kuma ta da inda za ta. Ki kula kada wani wuri ya sha ɗinki da yawa wani ya zauna fayau, domin wurin da aka cika ɗinkewa yana tsukewa ya ja na kusa da shi. A nan ne kuma ake ba bango fatarsa. Layuka masu lanƙwasa kusa da kusa suna ba da kamannin shatin hannu da ake gani a yaɓen makuba, miƙaƙƙu suna yin kwano, na kwance masu tazara suna yin sama.

Keken zamani ba dole ba ne. Baƙin keken nan na ƙafa, Butterfly ne ko Singer, ya isa, in dai kin sa allura mai lamba 14, ko 16 inda hawa ya yi yawa, kin ƙara tsawon ɗinkin, kin kuma sassauta nauyin ƙafar da ke danne yadi ta hanyar kwance notin da ke samanta kaɗan. Keke mai zigzag yana sauƙaƙa kama bakin ƙananan abubuwa, amma ni ban cika son sa a jikin ginin ƙasa ba, domin yana zagaye komai da layi mai tauri wanda ba ya cikin ainihin ginin. Idan kin yi amfani da gam da yawa, allura za ta riƙa danƙo tana tsallake ɗinki, sai ki riƙa goge ta.

Da yawa daga cikin masu karɓar aiki a wurina ba sa son a sa surar mutum ko dabba a abin da za su rataya a ɗaki, kuma hoton gida ba ya bukatar hakan kafin ya nuna akwai mutane a ciki. Takalma biyu a bakin zaure, buta a gefen dakali, keke a jingine, tabarma a shimfiɗe, ƙyaure a ɗan buɗe, waɗannan sun isa. Ki zaɓi biyu ko uku waɗanda da gaske ake gani a ƙofar gidanku, kada ki cika wurin.

Wurin ratayewa, ki ɗinka dogon aljihu a bayansa ta sama ki zura sanda, nauyin zai rabu daidai, saɓanin kafa shi da ƙusa a kusurwa biyu wanda ke sa tsakiya ta lotsa. Ki nisanta shi da bangon da rana ke bugawa ta taga, domin rinin shayi da na goro suna koɗewa da wuri, da kuma bangon da ke tsatsafo da damina. Idan za ki sa shi a firam saboda ƙurar hunturu, a bar ɗan tazara tsakanin gilashi da yadi don kada laima ta kwanta ta haifar da fumfuna. In za a ajiye shi, naɗe shi ake yi a kan sanda, ba a ninkewa. Kafin ki rufe gefen, ki ɗinka ɗan farin ƙyalle a baya ki rubuta sunan gidan da unguwar da shekarar da kika yi aikin. Kuma tun da kin ce ana maganar rushewa, ki je ki ɗauki hotunan a wannan makon, ta fuskoki da yawa, har da na kusa na adon saman ƙofa da bakin soro, ɗinkin kuwa ya jira har ki gama haɗa ƙyallayenki. Allah ya ba da sa'a.